Wa ke son leƙa WhatsApp ɗinka? Rigimar da ta tashi a Turai da yadda ta shafe ka

Ɗauki wayarka yanzu, ka buɗe WhatsApp, ka shiga hirar wani da ba ku taɓa magana ba. A can sama za ka ga wani ɗan rubutu cikin akwati, da hoton kwaɗo a gefensa. Yawancinmu ba mu taɓa tsayawa mun karanta shi ba. Abin da yake cewa a taƙaice shi ne, saƙonninku da kiranku a kulle suke, daga kai sai wanda kake magana da shi, ko kamfanin ma ba zai iya karantawa ba.

To a kan wannan ɗan kwaɗon ake ta fafatawa a majalisu da kotuna daga Turai har Indiya. Gwamnatoci na cewa a ba su hanyar ganin abin da ke ciki domin su kama miyagu. Masana kwamfuta da 'yan jarida da masu kare haƙƙin jama'a na cewa ranar da aka yi haka, asirin kowa ya tonu. Kada ka ce rigimar Turawa ce ba ruwanka. WhatsApp ɗin da ke wayar ɗan Jamus shi ne dai wanda ke wayarka, wanda kike tura wa ƙawarki saƙon murya da shi ƙarfe ɗayan dare.

Yadda kullin yake aiki

Bari mu ɗauke shi a sauƙaƙe. A ce kana Kano za ka aika wa yayarka da ke Maiduguri saƙo. Ka zuba shi a akwatin ƙarfe, ka datse da kwaɗo, ka kai tasha. Ɗan kamasho ya karɓa, direba ya ɗauka, an wuce shingen bincike iri-iri a hanya, amma babu wanda ya iya buɗewa, saboda makullin guda ɗaya ne kuma yana hannun yayarka.

Haka kullin waya-zuwa-waya yake. Kafin saƙo ya bar wayarka ana juya shi ya koma tarkacen haruffa marasa ma'ana, kuma ba ya dawowa daidai sai a wayar wanda ka tura wa. Kamfanin layinka da mai wayifai da shi kansa WhatsApp duk direbobi ne kawai. WhatsApp ya kammala sa wa dukkan masu amfani da shi wannan kulli a watan Afrilun 2016, da fasahar da masu manhajar Signal suka ƙirƙira. Tun daga lokacin, ko kotu ta umarci kamfanin ya kawo abin da ka rubuta, amsarsa ita ce ba ya hannunsa.

Wannan amsa ce ba ta yi wa gwamnatoci daɗi ba.

Abin da Turai ta so yi

Ranar 11 ga Mayun 2022 Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da wani daftarin doka, a ƙarƙashin kwamishinar harkokin cikin gida ta lokacin, Ylva Johansson. Manufarsa ita ce yaƙi da masu lalata da ƙananan yara da masu yaɗa hotunan wannan ta'asa a intanet. Babu mai hankalin da zai ja da wannan manufa. Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar da aka zaɓa: daftarin zai ba hukumomi ikon tilasta wa manhajojin aika saƙo su riƙa binciken hotuna da saƙonnin masu amfani da su, ko da kuwa ba a zargin mutum da komai. Masu adawa suka laƙaba masa suna Chat Control, wato sa ido kan hira, kuma sunan ya bi shi.

Za ka tambaya, to ta yaya za a binciki saƙon da yake a kulle? Dabarar da aka kawo ita ce a yi binciken a cikin wayarka tun kafin a kulle. Ka koma misalin akwatinmu. Ba za a fasa kwaɗon a hanya ba, amma za a ajiye wani mutum a cikin ɗakinka, duk abin da za ka saka a akwati sai ya ɗaga ya duba. In ya ga abin da bai yarda da shi ba, ya kai rahoto. Kwaɗo na nan daram, sai dai amfaninsa ya ƙare.

An shafe sama da shekara 3 ana ja-in-ja. A Nuwamban 2023 Majalisar Tarayyar Turai ta ɗauki matsayar cewa kada a taɓa saƙonnin da ke kulle, kuma bincike ya tsaya kan waɗanda ake zargi. Shugabar Signal, Meredith Whittaker, ta sha nanata cewa gara su tattara su bar kasuwar da su raunana kullinsu. A Oktoban 2025 an shirya gwamnatocin ƙasashe 27 na Tarayyar su kaɗa ƙuri'a, sai Jamus ta ce ba za ta goyi baya ba, aka janye batun. A ƙarshen Nuwamban 2025 suka amince da wani sabon salo da aka cire tilastawa, aka bar wa kamfanoni zaɓin yin binciken da kansu, daga nan maganar ta koma teburin sasantawa da Majalisa.

Ba Tarayyar Turai kaɗai ba ce. A farkon 2025 labari ya fito cewa gwamnatin Birtaniya ta ba Apple umarni a asirce ya buɗe mata hanyar shiga bayanan da mutane ke adanawa a kulle a iCloud. Maimakon ya bi, a watan Fabrairun shekarar Apple ya janye wannan tsarin kariya daga masu amfani da shi a Birtaniya. A Indiya kuwa, ƙa'idojin 2021 sun nemi manhajoji su iya gano wanda ya fara tura kowane saƙo. WhatsApp ya garzaya babbar kotun Delhi, kuma a 2024 lauyansa ya shaida wa kotun cewa in aka tilasta masa karya kullin, zai bar ƙasar.

"Ai ni ba ni da abin ɓoyewa"

Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci, don ni ma na taɓa faɗa. Ni ba ɓarawo ba, ba ɗan ta'adda ba, su karanta mana.

To bismilla, miƙa wa wanda ke kusa da kai wayarka a buɗe, ka ce ya yi minti 10 yana dubawa. Ka ga yadda gabanka ya faɗi? Ba laifi ka aikata ba. Akwai dai hirarka da wadda kake nema, akwai saƙon da ka roƙi abokinka bashin dubu biyar, akwai hoton takardar asibitin mahaifiyarka, akwai ƙorafin da ka yi kan malaminku ko maigidanka. Hausawa suka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Rufin asiri ba alamar rashin gaskiya ba ce, mutunci ne.

Mu da muke karantar aikin jarida, abin ya fi haka nauyi. Tun a aji ake nanata mana cewa ɗan jarida ba ya tona majiyarsa. Ka yi tunanin ƙaramin ma'aikacin da ya ga an karkatar da kuɗin maganin asibitin ƙauyensu, yana son ya sanar da ɗan jarida. In ya san akwai mai dubawa a cikin wayarsa, wallahi shiru zai yi. Kai da ba ka da abin ɓoyewa, kai ne za ka je asibitin ka tarar babu magani.

Sannan na'ura tana kuskure. A 2022 jaridar New York Times ta ba da labarin wani uba a San Francisco da ke Amurka, wanda ɗansa ƙarami ya samu kumburi a al'aurarsa. Ya ɗauki hoto domin a nuna wa likita. Na'urar binciken Google ta ɗauki hoton a matsayin na cin zarafin yaro, aka rufe masa asusunsa, 'yan sanda suka buɗe bincike. Daga baya 'yan sanda sun wanke shi, amma bai samu asusun ba. Wannan mutum ɗaya ke nan. Ka auna yadda abin zai kasance in ana tace saƙonnin ɗaruruwan miliyoyin mutane kullum.

Ɓarauniyar hanya ba ta san mai gida ba

Babbar hujjar masana ita ce wannan: babu yadda za a yi ƙofar da mutanen kirki kaɗai za su iya bi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar ba ta tambayar wa ya zo.

Wannan ba hasashe ba ne, ya faru. A Girka, tsakanin 2004 da 2005, wasu da ba a san ko su wa ba ne sun shiga na'urorin kamfanin Vodafone, suka kunna tsarin da aka tanada domin sauraren waya bisa izinin kotu, suka riƙa sauraren wayoyi sama da 100. Cikinsu har da ta firaministan ƙasar, Kostas Karamanlis.

Na baya-bayan nan ya fi ban mamaki. Tun 1994 Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa kamfanonin sadarwa su gina na'urorinsu yadda jami'an tsaro za su iya sauraro in kotu ta ba da izini. A 2024 aka gano wasu masu kutse da ake kira Salt Typhoon sun shiga manyan kamfanonin sadarwar ƙasar, har da AT&T da Verizon, kuma sun kai ga waɗannan tsare-tsaren sauraro. Amurka ta ɗora wa China alhaki, China ta musanta. Ka san shawarar da jami'an Amurka suka ba 'yan ƙasarsu a Disamban 2024? Su koma amfani da manhajoji masu kulle saƙo. Abin da aka daɗe ana kuka da shi, shi ne ya zama mafaka.

In ƙasar da ta fi kowa kuɗi da ƙwararru ta kasa tsare ƙofarta, wa zai iya? Kotun Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ma ta taɓo wannan a Fabrairun 2024, a wata shari'a da ta shafi Rasha da Telegram, inda ta yanke cewa tilasta raunana kullin saƙonni domin kama wasu 'yan tsiraru tauye haƙƙin sirrin kowa ne.

Akwai kuma tambayar da ba a cika yi ba: yau an gina na'urar don neman hotunan cin zarafin yara, gobe wa zai hana wata gwamnati ta ƙara mata jerin abin nema? Hoton zanga-zanga, ko barkwancin da aka yi wa shugaba? Na'ura ba ta san niyya ba, abin da aka ɗora mata take nema.

To mu nan gida fa?

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. A watan Yulin 2021 Majalisar Tarayya ta amince da ƙarin kasafin kuɗi wanda a cikinsa aka ware wa Hukumar Leƙen Asiri ta Ƙasa, NIA, naira biliyan 4.87 domin kayan sa ido kan sadarwa. Daga ciki, biliyan 1.93 na tsarin tare saƙonnin WhatsApp ne, biliyan 2.93 kuma na wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya. Kafin nan, a Disamban 2020, cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto a Kanada ta saka Najeriya cikin ƙasashe 25 da ta ga alamun suna amfani da kayan leƙen waya na kamfanin Circles. Wato sha'awar leƙen nan ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Me doka ta ce? Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ka haƙƙin sirri a gidanka da wasiƙunka da hirarka ta waya. Sai dai sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro da zaman lafiyar jama'a. Ƙa'idojin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta fitar a 2019 sun ce sai da izinin alƙali za a saurari wayar mutum, amma a yanayin gaggawa ana iya farawa sannan a nemi izinin cikin sa'o'i 48. Dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta wajabta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan zirga-zirgar layinka na tsawon shekara 2.

Yanzu mu faɗi gaskiya tsakaninmu. Duk wanda aka taɓa sace masa ɗan'uwa, ya zauna yana jiran kiran masu garkuwa, in ka ce masa a kare sirrin waya zai iya yi maka kallon marar imani. Kuma yana da hujja. Babu wanda ya ce kada jami'an tsaro su bibiyi miyagu. Amma ka lura da wani abu: da yawan kiran neman kuɗin fansa da layin waya na yau da kullum ake yin su, wanda ba a kulle yake ba. An sa mu bin layi tun Disamban 2020 muna haɗa layukanmu da lambar NIN. An katse sadarwa gaba ɗaya a Zamfara a Satumban 2021. Shi kansa tsohon ministan sadarwa, Farfesa Isa Ali Pantami, a Janairun 2024 ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan haɗa NIN da layi yadda ya kamata. Ashe ba rashin hanyar leƙe ba ce matsalar. Bambanci ne babba tsakanin a samo izinin alƙali a bi sawun mutum ɗaya da ake zargi, da a buɗe wayar kowa da kowa ko za a dace.

Abin da kwaɗon ba ya karewa

Kada kuma ka saki jiki ka ce tunda akwai kulli shi ke nan. Ka tuna direba bai ga abin da ke cikin akwati ba, amma ya san wa ya aiko, wa aka aika wa, yaushe, kuma sau nawa. Lambarka da lokacin da kake kan layi da waɗanda kuke yawan hulɗa, duk ba sa cikin kullin. Wani lokaci waɗannan kaɗai sun isa a zana rayuwar mutum.

Na biyu, in aka shiga wayar kanta, magana ta ƙare. A 2019 an yi amfani da manhajar leƙen asiri ta Pegasus, ta kamfanin NSO na Isra'ila, aka kai wa wayoyi kusan 1,400 hari ta hanyar kiran WhatsApp, ko mutum bai ɗaga ba. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai 'yan jarida da masu fafutuka. WhatsApp ya kai ƙara, kuma a Disamban 2024 wata kotu a Amurka ta ɗora wa NSO alhakin kutsen.

Na uku, wanda ya fi cin mu: da ɗan gari akan ci gari. A zauren ajinmu an taɓa yin ƙorafi kan wani malami da dare, kafin azahar washegari sikirinshot ɗin hirar yana teburinsa. Babu gwamnati a ciki, babu Pegasus. Ɗaya daga cikinmu ne. Zaure mai mutum 200 dandali ne, ba ɗaki ba.

Abin da za ka iya yi yau

Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, ka sa lambar sirri da kai kaɗai ka sani. Lambobi shida da ake turo maka ta tes, kada ka ba kowa, ko da ya ce daga zauren makarantarku yake ko za a ba ka tallafi.

Duba ajiyar hirarka. Kwafin da ke tafiya Google Drive ko iCloud ba ya samun kullin waya-zuwa-waya sai ka kunna da kanka. Tun 2021 WhatsApp ya kawo wannan zaɓi, yana cikin saitin hira.

Leƙa wurin na'urorin da aka haɗa da asusunka. In ka ga kwamfutar da ba ka sani ba, fitar da ita. Wannan ya fi muhimmanci in kana barin wayarka a wurin caji ko wurin mai gyara.

Rabu da GB WhatsApp da ire-irensa. Don kawai ka ga saƙon da aka goge, ka miƙa hirarka ga wanda ba ka san shi ba.

Ka sani cewa hirar Telegram ta yau da kullum da zaurukansa ba su da irin wannan kulli, sai in ka buɗe hirar sirri da gangan. Tes da kiran layi kuwa a buɗe suke.

In wayarka ta nemi sabuntawa, daure ka sayi datar ka yi. Yawancin sabuntawar nan toshe ɓarakar da masu kutse ke bi ake yi.

Na ƙarshe ba a saitin waya yake ba. Ka riƙa bibiyar abin da ake tattaunawa a Majalisa. A 2019 an kawo ƙudirin sa ido kan kafafen sada zumunta a Majalisar Dattawa, matasa da ƙungiyoyi suka yi ca, a zaman jin ra'ayin jama'a na Maris ɗin 2020 mafi yawan masu magana suka ƙi shi, ƙudirin bai kai labari ba. A Turai ma wasiƙun da talakawa suka yi ta aika wa wakilansu sun taimaka wajen taka wa Chat Control birki. Duk ranar da ka ji an kawo doka da sunan tsaro wadda za ta taɓa wayarka, ka yi tambaya uku: wa zai ba da izinin leƙen, wa zai sa ido kan mai leƙen, kuma ina wanda aka leƙa bisa kuskure zai kai kukansa?

Wanda ke kan kujera yau ba shi ne zai kasance gobe ba, amma makullin da aka ba ofishinsa yana nan. Kafin ka yarda a ba gwamnatin da kake so makullin wayarka, ka tuna wata rana zai faɗa hannun wadda ba ka so.